Tafin Hannu a Jikin Bango

Lahadi da dare, watan Oktoba, Vénissieux

Yau na je tarewar Nurhayati a sabon gidanta, abokiyar aikina 'yar ƙabilar Bugis. Bayan addu'a, uwarta ta dama garin shinkafa, ta tsoma hannu ta manna a bango. Ta ce a garinsu ginshiƙin gida ake yi wa haka don neman albarka, kuma akwai irin wannan tafin hannun a kogunan duwatsunsu tun zamanin da ba wanda ya sani.

"Hadiza, zo ki sa naki," in ji Nurhayati.

Sanyin ƙullun na taɓa ni, sai na tuna Inna, Allah ya jiƙanta, tana yaɓen ɗakinta a Damagaram, ta kama ɗan hannuna ta danna a ɗanyar laka tana dariya.

Cikin tram, jirgin ƙasan cikin gari, ina komawa gida na kira Yaya Sani, na roƙe shi in za su shafa wa ɗakin Inna siminti su bar mini bangon gabas, inda tafin hannuna yake. Sai ya ce, "Ai ruwan bara ya kada ɗakin. Mun rasa yadda za mu gaya miki."

Na ce masa ba komai. Ban farga ba sai da na wuce tasharmu da nisa.