Ɗigon da ba ya gajiya

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya kai da iyali. Mu nan kalau muke. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma yi wa kaji faɗa da kanta.

Yaya, yabon nan da na aiko maka labarinsa, har ka buga wa Inna waya kuna murna, don Allah a daina yaɗa shi. Ka san masana'antarmu: yau injuna su yanka ƙafar kujera, gobe a sauya musu baki su koma firam ɗin taga, ni da Baffa kuma muna tura kura muna kai ƙarfe daga wannan inji zuwa wancan. Kwanaki aka kawo wata injiniya ta zana wurin kaf a kwamfuta, don a gwada sabon tsari a can kafin a taɓa ko inji ɗaya. Ta bi kowa da agogo tana auna aikinsa. Da ta zo kaina, wallahi ban san abin da ya hau ni ba. Na dinga gudu da kura kamar an biyo ni, ko ruwa ban tsaya sha ba. Mai walda har cewa ya yi ko aurenta nake nema. Na koma gida Inna ta gasa min baya, ban faɗa mata dalili ba.

Da aka tara mu aka kunna abin, sai ga mu duka mun zama ɗigo-ɗigo muna yawo. Ɗigona sai sheƙawa yake yi, safe da yamma, ba ciwon baya ba fitsari. Aka yi ta yi min tafi ana yabona. Sai manaja ya ce a cire kura ɗaya a gani. Injiniyar ta danna, ɗigon Baffa ya ɓace, aiki kuwa bai tsaya ba. Baffa, wanda ya riƙo hannuna ya kawo ni wurin nan, yana gefena yana murmushi, yana cewa ɗansa ko a kwamfuta ba rago ba ne. Na rasa inda zan sa fuskata.

Washegari na sami injiniyar na ce mata wannan gudun ba nawa ba ne, na ganin ido ne, ko mako ba zan iya shi ba. Ba ta yi dariya ba. Ta ce ita ma ta yi mamaki, kwamfuta kuwa abin da aka ba ta shi take ci. Za ta sake aunawa ba tare da na san ranar ba, kuma ba ta yi alkawarin komai game da Baffa ba.

To ga damuwata: da zarar ƙofar ofis ta motsa, ƙafafuna su ƙara sauri da kansu. Jiya Baffa ya lura, ashe labarin zuwana wurin injiniyar ya kai masa. Bai yi min faɗa ba, da ma ya yi. Ya dafa kurar ya ce, "Yi tafiyarka ta kullum, ɗana, ko ta cece ni ko kar ta cece ni." Yanzu sawunsa nake bi, kaina a ƙasa.

Ka sa Baffa a addu'a. Ka gaida matarka da Goggo, da 'yar autarku mai ƙwace waya.

Ƙaninka,
Dogo