Ba Giya Ba Ce, Ba Mace Ba Ce

Inna,

Ina gaishe ki. Ya ƙafar Baba? Ya yara?

Wallahi saƙonki ya girgiza ni. Ni da giya, Inna? Mota ce fa! A inda nake wankin motoci akwai wata ja 'yar Italiya, Giulia. Yadda aka rubuta na karanta muku a waya, "Giyuliya", kuka ji kamar giya. Maigidana ya yi dariya, ya ce "Juliya" ake faɗa. Na gyara, sai ga matata ta tafi gidansu, wai kullum hannuna na jikin Juliya!

Lafiyata ƙalau, ruwan sanyi ne kawai ya farfasa mini yatsu. Don Allah ki lallashe ta ta dawo. Ki ce mata Juliyar nan ko zama kusa da ita an hana ni.

Allah ya ƙara girma.

Ɗanki