Abin da Jinin Saffron Ya Faɗa

Gonar Trewin, kusa da Bodmin
Afrilu

Zuwa ga matata Loveday,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Ya 'yarmu Kerensa da nauyin jiki, ya mijinta? Sanyin Halifax, can ƙetaren teku, yana barin gwiwar nan taki ta huta kuwa? Mu nan lafiya lau, sai ruwan sama da ya ƙi ɗaukewa. Na rubuto ne don kin san kunnena da waya, rabin maganarki nake ji, sauran in cike da kaina.

An sami tarin fuka a shanun maƙwabcinmu Jago. Tunda shinge ɗaya ya raba mu, hukuma ta ce a gwada garkenmu na alpaka, 'yan dangin raƙumin nan da muke kiwo don gashinsu. Ilinca ce ta zo, likitar dabbobin nan 'yar Romaniya da ta ɗinke wa karenmu ƙafa bara. Ta aske musu hammata ta yi allurar gwaji a fata, ta dawo ta shafa, ba kumburi ko ɗaya. Har na fara murna, sai ta ce da saura, za ta sake dawowa ta ɗebi jini.

Sakamakon jinin ya zo jiya. Ki zauna kafin ki karanta. Saffron ce, ita kaɗai a duk garken.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne Saffron ta fi kowa ƙiba, gashinta sai sheƙi, ita ke ture 'yan'uwanta a wurin ci. Peg kuwa, wadda ke ta ramewa tun hunturu, an ce lafiyarta ƙalau. Na tsare Ilinca a bakin mota da tambayoyi. Ta ce gwajin fata don shanu aka yi shi, a jikin alpaka yakan tsallake masu ciwo da yawa. Shi ya sa ake bin sa da na jini, kuma allurar farkon ce ke zaburar da jinin har ya nuna abin da ke ɓoye.

Na ce, "To 'yata, in ke kika tsokani jinin da allurarki, ta yaya kika san ba allurar yake ba amsa ba?"

Ta yi dariya ta ce, "Baba, manyan masana ma a kan wannan tambayar suke ta sa-in-sa." Ta ce galibi gwajin yakan faɗi gaskiya, amma ba za ta rantse mini a kan dabba guda ba.

Jago ya leƙo ta kan shinge yana cewa ashe tumakina masu wuyan raƙumi su ma suna kamuwa da ciwon talakawa. Bai ƙarasa dariyar ba, don nasa shanun da aka kwashe har da masu ciki.

Doka ta ce a kashe Saffron. Na ware ta a ƙaramin fili inda take hango sauran, tana ta wannan gunjin nasu. Ke kika raine ta da kwalba a kicin, don haka ki faɗa mini ra'ayinki.

Ki gaishe da kowa. Mijinki,
Denzil

Mayu

Loveday tawa,

Barka, barka! Allah ya raya jikanmu Jowan. Na kafe hoton a jikin firij. Hancin namu ne, kada dangin uban su yaudare ki. Ya jikin mai jego, ya gajiyarki?

Na ga amsarki, kin ce kada in yarda. Na yi ƙoƙari. Na roƙi a sake gwaji, aka ce ƙa'ida ba ta ba da dama ba. Sai na shiga bincike irin na tsofaffi marasa aikin yi. Na je Devon wurin wata mata da aka kashe mata alpaka biyu, aka buɗe su ba a ga komai ba. Ita ta tura ni wurin wani mutum da ya yi ta jayayya da hukuma kan tasa dabbar, kafin a gama jayayyar, rabin garkensa ya mutu. Kowannensu ya ba ni shayi ya ce kada in yi kuskuren da ya yi. Na dawo gida na fi dā ruɗewa.

Sai na koma kan ita Saffron ɗin. Kullum da safe in kama ta in manna kunnena mai ji a ƙirjinta, ko zan ji wani ƙugi. Ban ji komai ba sai tuƙa. Ranar Talata ta gaji da ni ta tofa mini koren nan mai wari a fuska, har cikin baki. Na ce mara lafiya ba ya saiti haka.

Duk da haka na sa hannu, Loveday. Na tsaya ina kallon 'ya'yan alpakan da aka haifa bana suna tsalle a gindin shinge, na ga idan gwajin ƙarya ne na yi asarar guda, idan gaskiya ne kuma na ƙi, ban san iyakar asarar ba. Na san za ki yi fushi, ki yi, kina da hakki. Ni na riƙe mata igiya, na ba ta karas, ba ta wahala ba. Na roƙi Ilinca duk abin da aka gani a cikinta ta faɗa mini, kada ta tausaya.

Na sayi tikitin zuwa baftismar Jowan. Jago zai kula da garke.

Naki,
Denzil

Yuni

Maman Kerensa,

Ina gaisuwa. Na gode da kika ce kin huce, ko da yake na lura da gajartar wasiƙar.

Ilinca ta zo da kanta, da hotuna a wayarta. Ta ce in ba na son gani ba dole, na ce miƙo. Huhun Saffron cike yake da ƙulle-ƙulle farare kamar cuku, har hanta. Dabbar da ke tsere da kare! Ilinca ta ce haka alpaka suke, sukan ɓoye ciwo har sai sun faɗi. Na daɗe ina kallon hoton. Na ɗauka zan ji sanyi a raina don ban kashe ta a banza ba, amma abin da ya zo mini shi ne mamaki: da me take numfashi duk watannin nan?

Peg kuwa haƙori ne ya ruɓe mata. An cire, tana ci kamar ba gobe. Na ce to ita dai ta tsira. Ilinca ta ce wataƙila, sai an sake gwada garken nan gaba, don gwajin da ya ce babu shi ma yakan yi kuskure.

Ga wadda ta fi nauyi. Da Ilinca ta ji labarin manna kunne da tofin nan, ta daina dariya, ta sa aka kira ni asibiti. Suka yi mini allura a fatar hannu, irin dai wadda aka yi wa alpakan. Wurin ya kumbura ya yi ja. Nas ɗin ta ce kada in tsorata, mai yiwuwa rigakafin da aka yi mana a makaranta ne ya motsa. Na ce, "Wato ke ma ba za ki rantse a kan mutum guda ba." Ba ta gane ba, ta ɗebi jinina ta tura ni hoton ƙirji.

Na ɗage tafiyar. Ku yi baftismar ba ni, kada ku jira. Ba na tari, ina cin abinci sosai, amma yanzu na san wannan ba shaida ba ce.

Mijinki,
Denzil

Yuli

Loveday,

Da fatan kuna lafiya. Na gode da hotunan coci. Rigar da kakarsa ta wajen uba ta saƙa ta yi masa yawa, amma kada ki faɗa mata.

Ƙirjina fes. Jinin kuwa ya ce ƙwayar tana jikina, sai dai a kwance take, ba ta tashi ba. Na tambayi likitar daga ina. Ta ce mai yiwuwa Saffron, mai yiwuwa ɗanyar madarar da na sha ina yaro, mai yiwuwa shanun babana, ba gwajin da zai bambance. Ki ji fa, wataƙila tun kafin in ce ina son ki nake ɗauke da ita. An ɗora ni a kan magani na wasu watanni. An hana ni giya, kuma fitsarina ya koma ruwan lemo, abin da Jago ya yaɗa a duk ƙauyen.

Likitar ta ce a wannan hali ba na sa wa kowa, zan iya hawa jirgi, zan iya ɗaukar jariri. Na maimaita tambayar har ta cire tabarau ta dube ni ta ce, "Da jikana ne, da na miƙa maka shi." Na yarda da ita.

Amma ba ɗanta ba ne, kuma ba ɗana ba ne. Ki karanta wa Kerensa wasiƙun nan duka, kada ki tsallake komai don ki sauƙaƙa mini. Idan ta ce in zo in ɗauke shi, zan ɗauke shi. Idan ta ce in tsaya daga bakin ƙofa, wallahi ba zan ji haushi ba, ki dai juyo mini da fuskarsa wajen haske. Ina zuwa ranar Asabar ko ta wace hanya.

Mijinki mai kewarki,
Denzil