Ka Ɓalle Katakon Tagogin Bidi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga ƙanena Auta. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da iyalinka da Inna. Allah ya ba ta sauƙin ƙafar nan, ya bar mana ita. Ni ma ina nan da rai. Aikin shi ne dai wanda ka sani, wanke dawakin mutane da kwashe kashinsu, bayana kuma ya fara gaya mini shekara goma sha ɗaya ba wasa ba ce. Na rubuto ne saboda a waya ba ma yin minti biyu ba mu ɗaga wa juna murya ba, maganar nan kuwa so nake ka karanta ta a zaune.

Shekaranjiya na yi waya da Yaya. Cikin yabonka take gaya mini Bidi, dokin da Baba ya bar mana, ya yi mako uku yana tari, amma kada in damu, ka tsaya a kansa. Wai ka auna tagogin bargar guda biyu ka bubbuga musu katako, ko allura ba za ta wuce ba. Ka kwaso garin katako daga shagonka ka shimfiɗa masa don ɗumi, ka kuma jibge masa busasshiyar ciyawa a gefensa har rufi. Na tambaye ta ko yana majina, ta ce a'a, jikinsa ma ba zafi, ci kuma kamar ba gobe, sai dai da ya sa baki a ciyawar tarin ke taso masa. Tana faɗa tana dariya, wai kafinta ya zama likita. Ni kuwa sai da na kifa bokiti na zauna.

Auta, ba sanyi ke damun dokin nan ba. Ƙurar ciyawar ce da fumfunar da ke cikinta yake shaƙa, kai kuma ka rufe shi da su, ka ƙara masa da garin katako. Ba zagin ka nake ba, don ni na riga ka yin wannan wautar. Shekara shida ke nan, akwai wata goɗiya a hannuna da ta fara irin tarin nan. Na kulle mata ƙofa, na lulluɓe ta da bargo, ina ganin gata nake mata. Ranar da likitan dabbobi ya zo, tun daga bakin ƙofa ya toshe hanci, ya tambayi wane mai hankalin ne ya kulle ta da abin da ke kashe ta. A gaban kowa na ce ni ne. Lokacin an makara. Sai ta tsaya ta miƙe wuya, hancinta a buɗe wangamau, cikinta na bugawa sau biyu kafin numfashi ɗaya ya fita, har wani kwarmi ya fito mata a ƙasan haƙarƙari. Ga iska ta cika duniya, ita ta kasa samun nata rabon. Wata bakwai ta yi a haka ina kallo. Tun shekaranjiya ita nake gani, amma da fuskar Bidi.

Don Allah, ranar da takardar nan ta iso, ka ɗauki guduma ka ɓalle katakon nan, duk kyan aikin. Ka fito da shi waje ka ɗaure a inuwa, ya wuni a can. Ka kwashe garin katakon kaf, kuma kada a yi shara yana ciki. A yayyafa ruwa tukuna. Ciyawar a mayar da ita wani ɗaki. Ka kwance kowane dami ka shinshina, wanda ya yi wari ko ya yi fari-fari a ciki ka ƙona shi nesa da gida, kada ka ji tausayinsa. Wadda za ka ba shi, ka danna ta cikin rabin durom na ruwa ta nutse kamar rabin awa, ka tsame ta tsane, ka zuba masa a ƙasa ya ci kansa a sunkuye. Iya abin da zai cinye za ka jiƙa, don in ta kwana tsami take yi. Ruwan kuma ka zubar, kada ya sha. Sirdi ya huta. In ka ga majina, ko zazzaɓi, ko cikinsa ya fara bugawar da na faɗa, ka nemo likita a ranar, ba mai jiƙe-jiƙen bakin kasuwa ba.

Na san abin da za ka ce: wanda ya shekara huɗu bai leƙo gida ba, shi ne da ba da umarni. Gaskiyarka. Kai ke kai Inna asibiti, kai ke tashi da dokin nan kullum, ni kuwa ƙarfina ya ƙare a kan dawakin da ko sunana masu su ba su riƙe ba. Amma ina neman alfarma ɗaya. Lokacin ciwon Baba kun yi ta ce mini da sauƙi don kada hankalina ya tashi, har sai da aka binne shi na ji. Na yafe, amma ba zan iya ɗaukar irinta sau biyu ba. In Bidi ya kai inda goɗiyar nan ta kai, ka faɗa mini a ranar. Na riga na gaya wa shugaban bargar da nake aiki, ranar da na ji haka zan taho gida, ko ya sa hannu a takardar hutu ko bai sa ba.

Ka gaishe mini da Inna, ka ce ta sa ni a addu'a. Ka gaida Yaya da maigidanta, da Gwaggo, da Kawu mai gyaran keke, da matarka da 'yan biyunta. Allah ya ba Bidi numfashi, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ne yayanka da ke nesa,
wanda ke jiran gaskiya, ko mai ɗaci ce.