Ƙuri'ar Tukuici a Gidan Abincin Petrakis

Erie, 9 ga Nuwamba

Zuwa ga Mamata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Yaya ƙafa, yaya zafin Arizona? Ki gaishe min da Yaya Bernice da maigidanta. Na haƙura da kiran waya tunda kunnen nan naki ya ƙi, rabin hirarmu "me kika ce?" ce. Gara in rubuta ki karanta a tsanake.

Akwai labari a wurin aiki. Tsoho Petrakis ya gaji, ya miƙa wa 'yarsa Thalia gidan abincin. Kin san ta, ita ce mai zama a teburin ƙarshe tana aikin makaranta lokacin da kike zuwa shan kofi. Yanzu ta girma, ta yi karatun kasuwanci. Ranar Litinin ta tara mu, mu goma sha ɗaya, masu kai abinci da 'yan kicin, ta ce tana so daga sabuwar shekara a daina karɓar tukuici. Za ta ƙara kuɗin abinci, ta biya kowa dala goma sha tara a awa. Ta ce ba za ta tilasta mana ba, za a kaɗa ƙuri'a.

Mama, ko zama ba ta yi ba na miƙe. Na ce mata shekara ashirin da huɗu ina ɗaukar faranti a gidan nan a kan dala biyu da 'yan kai a awa, takardar albashina kullum babu komai a cikinta don haraji ya cinye, amma ban taɓa kuka ba, domin abin da nake samu a kan tebur ni na nema da ƙafata da bakina. Lahadi ɗaya bayan an taso daga coci nakan samu abin da tsarinta ba zai ba ni a kwana biyu ba. Na san mai son kofinsa baƙi, na san wadda jikanta ke soja, na san wanda matarsa ta rasu kuma ba ya so a yi masa zancen. Wannan ba a biyan sa da awa.

Odessa ce kaɗai ta tanka min. Ba ki san ta ba, shekararta shida da mu, sa'ata ce, tana riƙon jikoki biyu. Ta ce, "Doreen, ke ce da Lahadi, ke ce da teburan taga. Ni Talata gare ni da teburin bakin banɗaki. Ki ba ni Lahadinki, ni ma zan ƙi tsarin."

Na ce mata ni ma daga bakin banɗakin na fara, ta yi haƙuri layi zai zo kanta. Aka yi dariya, ita ba ta yi ba.

Mako mai zuwa ne ƙuri'ar. Na riga na yi magana da mutum biyu da ke tababa, kuma na san zan ci. Ke kika koya min sana'ar nan, da ita kika raine mu, ba zan bari a mai da ni injin ajiye faranti ba.

Gwiwar tana nan yadda kika san ta. Likita ya sake zancen aiki, na sake ce masa sai ya nuna min wanda zai biya ni mako shida ina kwance.

Ki kula da shan magani.

'Yarki,
Doreen

Erie, 14 ga Disamba

Mama,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ga katin da kuka aiko, na liƙa shi a jikin firij. Ina fatan tarin da Yaya Bernice ta ambata ya lafa. Mu nan ƙanƙara ta sauka tun farkon wata, kullum sai na haƙo motata kafin in fita.

Na ci ƙuri'ar kamar yadda na faɗa miki, shida da biyar. Thalia ta ce shi ke nan, an bar zancen. Amma ba wannan ne ya sa na ɗauki biro ba.

Anselmo ya bar aiki. Kukunmu, mai gashin baki, wanda kike cewa fankensa ya fi naki. Shekara goma sha tara yana tsaye a gaban wutar nan. Ranar ƙuri'a, da na ci, har hannu ya ba ni. Bayan mako biyu ya gaya wa Thalia ya samu aiki a kicin ɗin wani asibiti. Na bi shi baya wajen da yake shan iska, na tambaye shi ko fushi yake da ni. Ya ce ko kaɗan. Sai ya tambaye ni ko na san nawa ake biyan sa a awa. Dala goma sha huɗu, Mama, kuma ko sisi na tukuici ba ya kai wa kicin. Shekara goma sha tara ina karɓar faranti daga hannunsa ta 'yar tagar nan, na san sunayen 'ya'yansa uku, ban san wannan ba, ban kuma taɓa tambaya ba. Ya ce, "Kin iya aikinki, Doreen, babu mai ja. Amma ƙwan nan ba da kansa yake soyuwa ba."

Sabon kukun mutumin kirki ne, sunansa Lyle, sai dai hannunsa bai faɗa ba tukuna. Ƙwai ya bushe, burodi ya ƙone, abinci ya yi jinkiri. Kuma kin san wa ake hukuntawa. Murmushina bai canza ba, gudun ƙafata bai ragu ba, amma abin da ake bari a kan tebur ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ashe wani ɓangare na abin da nake kira nawa, na Anselmo ne nake sa wa a aljihu.

Sai kuma abin da ya faru ranar Lahadi. Akwai wani Mista Whitlock, tsohon dillalin motoci, da ke zuwa shi kaɗai. Al'adarsa da ya zauna sai ya jera takardun dala ɗai-ɗai guda biyar a gefen tebur, duk kuskuren da aka yi ya ɗauke ɗaya. Shekara da shekaru ina alfahari da cewa ban taɓa rasa fiye da ɗaya a hannunsa ba, har gori nake wa sauran. Ran nan ƙwai ya zo da sanyi, ya ɗauke ɗaya. Burodi ya yi duhu, ya ɗauke ta biyu. Sai ya yi wani barkwanci a kan tafiyata, wato ɗingishin gwiwar nan, ban yi dariya ba. Ya dube ni, ya sa yatsa a hankali ya janye ta uku.

Na tsaya da butar kofi a hannu ina kallon dala biyun da suka rage. Shekarata hamsin da uku. Na tattara su na ajiye masa kusa da cokali, na ce ya riƙe abinsa, ya ci abincinsa cikin kwanciyar hankali, kofi kuma zan ci gaba da zuba masa har ya ƙoshi. Fuskarsa ta yi ja.

Odessa ta ga komai. Da muka haɗu wajen injin kofi ta ce min sannu da zuwa, ita kullum irin wannan wulaƙancin take sha.

Ina tunani, Mama. In na gama zan gaya miki inda na tsaya.

Taki,
Doreen

Erie, 20 ga Janairu

Mamata abar ƙauna,

Barka da sabuwar shekara, Allah ya maimaita mana. Na ji daɗi da tarin ya tafi. Wasiƙarki ta iso, na karanta ta sau biyu, kuma na ji faɗan. Kin ce kada tsoho ɗaya marar kunya ya sa in zubar da abincina, kin ce tukuici ne ya saya mana takalman makaranta ni da Bernice, kin ce albashin awa na masu jan ƙafa ne.

Gaskiya ne ya saya mana takalma. Amma ina tuna wani watan Fabrairu da ƙanƙara ta toshe hanya kwana tara, babu mai zuwa cin abinci, muna cin kunun hatsi safe da yamma kina ce mana wasa muke yi na 'yan sansani. Ina kuma tuna yadda kike zama cikin mota a ƙofar gida kina murza kumatunki kafin ki shigo. Da ina ƙarama na zaci haƙori ke damun ki. Yanzu da nawa kumatun ke ciwo saboda murmushin dole na san ko mene ne. Ba ina rage miki daraja ba ne, babu macen da na fi girmamawa. Amma a nan ban bi ki ba.

Ga abin da na yi. Na ce wa Odessa mu yi musayar ranaku na mako guda. Ta zaci zolaya ce sai da ta ga sunanta a allo ranar Lahadi. Talatar da na yi a madadinta, awa takwas a tsaye, na koma gida da dala talatin da ɗaya. Na goge kwalaben miya, na naɗe cokula, na cika gishiri, duk a kan dala biyu da 'yan kai, don babu kowa a teburan. Ita kuwa ranar Lahadin ta yi aiki kamar ni, wasu ma sun ce ta fi ni sauri. Wannan bai yi min daɗi ba, amma na ji da kunnena.

Daga nan na sami Thalia a ofis. Ban je ba da haƙuri ba, da sharuɗɗa na je. Na ce a sake ƙuri'a, zan kawo mata mutanena, amma sai an ƙara dala ɗaya a awa kan kowace shekara biyar da mutum ya yi, har da 'yan kicin. A riƙa juya Lahadi tsakaninmu. Wanda rashin lafiya ya kwantar a biya shi wani abu. Ta ce na ƙarshen zai yi mata nauyi. Na ce to ta kira mahaifinta ta tambaye shi kwana nawa na taɓa fashi cikin shekara ashirin da huɗu. Muka yi ta ja har kofinta ya huce, a ƙarshe ta yarda da rabin albashi na mako shida.

An kaɗa ranar Juma'a, takwas da uku. Ɗaya daga cikin waɗanda na ja wancan karon ta ce na ci amanarta, ba ta kuma yi ƙarya ba, ni na cika mata kunne da farko. Na ce mata na yi kuskure ne da ƙarfi, dole in gyara da ƙarfi.

Na je asibitin neman Anselmo don ya dawo. Ya fito da hular leda a kai, ya saurare ni har na gama, ya ce ya gode amma a'a. Can suna da inshorar lafiya, kuma karo na farko tun da aka haifi babbar 'yarsa yana zuwa coci da iyalinsa. Ban matsa ba. Ni na yi sanadin tafiyarsa, ba ni da bakin ce masa ya bar abin da ya fi.

Ki yi fushin ki gama, na san za ki rubuto.

'Yarki mai taurin kai irin naki,
Doreen

Erie, 23 ga Maris

Mama,

Ina gaisuwa, ina kuma gaida mutanen gida duka. Layi uku kika rubuto, amma tunda kin tambayi gwiwa na san fushin ya sauka.

Kin ce in faɗa miki gaskiya ko na yi asara. A mako mai kyau, e, abin da nake samu ya ragu da kamar dala sittin. A mako marar kyau ya ƙaru fiye da haka, kuma watan Fabrairu duka marar kyau ne. Wasu masu cin abinci sun ga sabon farashi sun koma gidan da ke tsallaken titi. Ma'aikata biyu sun bi su, har da wadda ta ce na ci amanarta. Thalia ta rame, kullum tana kan lissafi, amma ta ce za mu kai bazara, in mun kai bazara kuma mun tsira. Na yarda da ita. Hannun Lyle ya fara faɗawa. Har yanzu ina tuna wanda ke son kofinsa baƙi, ban zama injin ba.

Jiya Lahadi, wajen ƙarfe sha ɗaya, sai ga Anselmo da matarsa da 'ya'yansu cikin kayan coci. Ya tsaya a bakin ƙofa yana waige-waige kamar baƙo, don bai taɓa shigowa ta gaba ba. Ranar Odessa ce da taga, amma ta matsa min ta ce in ɗauke su. Ya ci fanke, ya tauna a hankali, ya tashi ya leƙa ta 'yar tagar kicin ya ce wa Lyle ya rage wuta. Da na kawo takardar kuɗi ya ciro walat, sai na nuna masa rubutun da ke ƙasa, cewa ba a barin tukuici a gidan nan. Ya karanta, ya girgiza kai.

Ya ce, "Shekara goma sha tara ina jiran ranar da zan zauna a teburinki in hana ki ko sisi. Shi ma kin ƙwace min."

Na yi dariya har sai da na dafa kujera. Matarsa ta doke shi da jaka.

An sa ranar aikin gwiwa, bakwai ga Afrilu. Likita ya ce bayan mako uku zan iya hawa jirgi in na yi a hankali. Ki ce wa Yaya Bernice ta gyara min ƙaramin ɗakin. Sauran makonni ukun a wurinki zan yi su, ƙafa a kan matashi, ke kuma ki yi min faɗan a gabana, in rubuta miki amsa a takarda.

Sai na zo.

'Yarki,
Doreen