Ranar da Suka Ce Mama Ta Faɗo Daga Sama

Joni, farkon watan Yuni

Zuwa ga Kawu Zakeyu,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, tare da fatan kana lafiya, kai da iyali da jikoki. Yaya ƙafar nan taka da sanyin Dedza? Ina fata masara ta shiga rumbu lafiya. Ni ma ina nan, ana dai numfashi.

Kawu, na san bargo da man girki kake jira a hannun direba, amma yau takarda ce kawai. Ka samu wuri ka zauna kafin a ci gaba da karanta maka. Maganar ƙanwarka ce, mahaifiyata. Tunda kai ne mai ita da mu 'ya'yanta duka, ba zan bari ka ji a bakin samarin da ke zama gindin mangwaro da waya ba.

Mama ta ɓata. Tun makon jiya ta fita daga gidan ƙanwata Etinala a Lilongwe, da asuba, kafin kowa ya tashi. Etinala ta ɓoye mana saboda tsoro, tana ta yawon asibitoci da ofisoshin 'yan sanda ita kaɗai. Ni ma ba daga bakinta na ji ba.

Akwai wani zaure a Fesbuk inda 'yan ƙasarmu ke taruwa suna gardamar addini. Kawu, mutumin da ya wuni yana walda, ya dawo ɗakin da babu mata babu yara, dole ya nemi wanda zai yi wa magana, ko da faɗa ne. Nan nake kare addininmu tun da na ƙetaro iyaka na zo ci-rani birnin nan na Joni. Babban abokin gabata wani malamin makaranta ne a Lilongwe, Wyson Gondwe, wanda ya ce shi da coci sun raba gari. Yana kirana Ragon Fasto, ni ina kiransa Ƙaramin Fir'auna. Kullum tambayata ɗaya ce: me muka tsare musu? Ga Musulmi nan, ga masu gargajiya nan, amma duk wanda ya ɗauki dutse sai ya nufi coci.

Ranar Talata da hutun rana, ina cin burodi a bakin shago, sai ga Wyson ya saka wani bidiyo a zauren ya kira sunana. Ya rubuta, "Ragon Fasto, zo ka nemo mana ayar da za ta wanke wannan." Har na fara shirya masa amsa kafin in buɗe.

Wata rumfar coci ce ta tamfol, irin sababbin nan da ke tsirowa a bayan gari. Sun kwana addu'a, gari ya waye. Ga tsohuwa zaune a ƙasa, ba ɗankwali, zani ya zame, ƙafafu duk ƙura, ta rungume matankaɗi. Wani yaro da bai kai ƙanen ƙanena ba, da kwat mai ƙyalli, wai annabi, yana ihu a lasifika cewa mayya ce, a matankaɗin take tashi sama, ƙarfin addu'arsu ne ya kayar da ita.

Kawu, matankaɗin Etinala ne. Ka san tun da gigin tsufa ya kama Mama, kullum gani take lokacin sheƙe masara ya yi, tana neman hanyar gona.

Yaron ya sa mata lasifikar a baki yana cewa ta faɗi waɗanda ta ci. Ka kuma san abin da take yi idan hankalinta ya tashi, sai ta fara kiran 'ya'yanta kamar za ta raba tuwo. Ta ce Lufina, Samsoni, Yotamu, Eneya, Etinala. Ya daka tsalle ya ce, "Kun ji da kunnenku! Ta amsa!" Jama'a suka kaure da ihu. Ga ni nan, ɗaya daga cikin waɗanda aka cinye, zaune a Joni da burodi a hannu.

Bidiyon ya yanke daidai lokacin da wani ya sunkuya yana ɗaukar rabin bulo.

Sai na duba ƙasa, inda ake sharhi. Amin, Amin, wuta, a ƙone ta. Sunayen da na sani, Kawu. Mutanen da muke layi ɗaya da su wajen kare Yesu, waɗanda nake kira 'yan'uwa. Wata da kullum take turo mana ayar safe ta rubuta cewa tsofaffin nan su ne suka hana yaransu samun aiki. Na ajiye wayar na koma bayan shago.

Har yanzu ban san ko tana raye ba. Kada ka taso da ƙafar nan, ka dai sani, ka kuma yi addu'a. Ni na kasa.

Ka gaida kowa.

Ɗanka,
Yotamu Kachingwe


Joni, tsakiyar watan Yuni

Zuwa ga Kawu Zakeyu,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka da ta mutanen gida, ina fata takardata ta farko ta iso, kuma ba ta kwantar da kai ba.

An ga Mama. Tana raye. Akwai rauni a goshinta da kafaɗa, amma tana cin abinci. Na sa wannan a sama don kada ka sha wuyar da na sha.

Yadda aka gan ta kuwa, har yanzu kaina bai gama ɗauka ba. A ranar da na ga bidiyon na ajiye girman kai na rubuta a zauren cewa tsohuwar nan uwata ce, ba mayya ba ce, ciwon tsufa ne, duk wanda ya san wurin ya taimake ni. Na ɗauka 'yan'uwana a cikin Almasihu za su fara amsawa. Wasu kaɗan sun ba ni haƙuri, Allah ya saka musu. Wani ya ce in yi azumi, domin mayya ma tana haihuwa. Wani dattijon cocinmu na nan Joni ya kira ni ya ce, "Ɗan'uwa Yotamu, goge abin nan, kana tona asirin ikilisiya a gaban marasa bi." Na ce Baba, wanda ya zaunar da uwata tsirara a gaban waya shi bai tona asirin kowa ba, sai ni? Ya kashe wayarsa.

Ɗaya ɓangaren ma kada ka ɗauka mala'iku ne. Wani ya ce in tambayi Yesuna ya turo mini adireshi. Wasu suka yi ta dariya, wai yau rago ya ga wuƙa. Akwai mutanen da ba don tausayin tsohuwa suke zagin coci ba, zagin ne kawai abincinsu.

Sai ga saƙo a keɓe daga Ƙaramin Fir'auna. Ya ce, "Rago, bar surutu. Famfon da ke bayan rumfar a bidiyon na san shi. Turo mini lambar ƙanwarka." Washegari bai je makaranta ba. Ya hau keken haya, shi da Etinala, suka bi unguwar gida gida.

Ashe wata mai sayar da tumatir ce ta cece ta, sunanta Nasibeko, 'yar zumuntar mata ce a wata tsohuwar coci da ke unguwar. Tana hanyar kasuwa ta tarar da taron. Ta ajiye kwando, ta kutsa, ta cire zaninta na sama ta rufe Mama, ta ce wa annabin, "Kai yaro, ni na san uwarka. In tsufa maita ne, ka fara da gidanku." Bulon da aka jefa, ya samu Mama, ya kuma samu hannun Nasibeko. Ta kai ta ɗakinta ta ɓoye ta, tana yi mata wanka tana ba ta kunu, ba ta san ko sunanta ba. Ita ba ta da irin wayar nan. Babu wanda ya ɗauki wannan a bidiyo, Kawu.

Na kira Wyson don in gode masa. Muryarsa ƙarama ce, ba kamar rubutunsa ba. Da muka gama sai na yi masa tambayar da ta daɗe tana cina, me ya sa sai mu. Ya yi dariya ya ce, "Rago, ni fa a ƙungiyar mawaƙan coci na girma. Zan rera maka littafin waƙoƙi daga bango zuwa bango. Me na sani game da masallaci da zan zage shi? Duk waɗanda kake faɗa da su a zauren nan an yi musu baftisma. 'Ya'yanku ne, ba baƙi ba." Ni duk zamana a zauren gani nake daga waje ake jifanmu.

Amma kada in yi masa rawanin da bai kai ba. Na roƙe shi ya cire bidiyon, ya ƙi. Ya ce shaida ce, in an goge gobe za a yi wa uwar wani. Bai tsaya nan ba, sai da ya ɗauki hoto da Mama a ɗakin Nasibeko, hannunsa a kafaɗarta, ya saka a zauren da dogon rubutu a kan wanda ya fi wani tausayi. Sunan Nasibeko bai fito ko sau ɗaya ba, tunda ita ba ta dace da wa'azinsa ba. Annabi ya yi tallan rumfarsa da fuskar uwata, shi ma ya yi tallan tasa. Na gode masa, na kuma zage shi, duk a waya ɗaya, kuma duka biyun daga zuciyata suka fito.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Mama ba za ta zauna a Lilongwe ba. Maƙwabtan Etinala sun ga bidiyon, sun hana yaransu wucewa ta ƙofar gidan, mai gidan hayar kuma ya fara maganar yana bukatar ɗakinsa. Ina roƙonka ka karɓi ƙanwarka ta dawo ƙauye, ɗakinta na nan. Zan riƙa aiko abin da za a ba wadda za ta kula da ita.

Ina jiran amsarka a hannun direba. Ka huta lafiya.

Ɗanka,
Yotamu


Joni, ƙarshen watan Yuni

Zuwa ga Kawu Zakeyu,

Ina gaishe ka da girmamawa, da fatan jiki ya yi sauƙi. Amsarka ta iso. Na karanta, na ninke, na sake buɗewa, ko dai mai rubuta maka ne ya ƙara nasa. Na ga ba haka ba ne, maganarka ce.

Ka ce bidiyon ya riga takardata zuwa ƙauye. Ka ce dattawan coci sun zauna, kai ma kana cikinsu, sun ga ya fi kyau ta dakata a birni har ƙura ta lafa, ko kuma a fara kai ta a yi mata addu'ar tsarkakewa. Duk wannan na haɗiye. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne layin ƙarshe, inda ka ce ba ka ce ta yi ba, amma uku daga cikin sunayen da ta kira ai sun mutu.

Kawu. Kai ne ka goya Lufina a keke zuwa asibitin mishan shekarar ƙyanda, ka dawo da ita a naɗe. Samsoni mota ce ta buge shi a hanyar Ntcheu, kai ka je ka karɓo gawar. Eneya ciwon nan na zamani ne ya ɗauke shi, kamar yadda ya ɗauki ɗanka Filimoni, kuma Mama ce ta yi jinyarsu su biyu a ɗaki ɗaya lokacin da kowa ke tsoron taɓa kwanonsu. Yau yaro mai kwat ya yi ihu a waya, ka fi yarda da shi a kan abin da idonka ya gani?

Ba na ce kai mugu ba ne. Tsoro kake ji, na sani. Kai za ka zauna da mutanen, ni ina nesa ina cika baki. Wannan gaskiya ce, shi ya sa zan daina zama nesa.

Na gaya wa maigidana zan tafi. Ya ce in na fita kada in sa ran aikin zai jira ni, kuma ka san takarduna ba su cika ba, in na ƙetare iyaka ba lallai in iya dawowa ba. Na sayar da katifa da rediyo. Zauren ma na fita daga ciki, ba don an kayar da ni ba. Har gobe ni na Yesu ne, sai dai ban ƙara tambayar me muka yi musu ba.

Zan sauka Lilongwe in fara zuwa wajen Nasibeko, in durƙusa in gaishe ta, na saya mata zani. Daga nan in ɗauki Mama. Ranar Asabar ta farkon watan gobe za mu sauka a bakin titi da rana tsaka, mu bi hanyar kasuwa, ba ta bayan gonaki ba. Babu wanda zai ɗora mata hannu da sunan tsarkakewa. Ranar Lahadi zan sa mata farar rigarta ta zumuntar mata, in riƙe hannunta har bencin da take zama tun kafin a haife ni. Wanda zai tashi ya bar mata bencin, ya tashi.

Etinala ta ce kwanakin nan Mama ba ta gane kowa, ita ma wani lokaci ce mata take yi baiwar Allah. Amma duk wanda ya shigo ɗakin sai ta tambaye shi ko Zakeyu ne ya zo ɗaukarta.

Daga titi zuwa gida da nisa ga mai ciwon ƙafa, ba zan ce ka taka ba. Ka sa a fito maka da kujera ƙofar gida, inda masu wucewa za su gan ka, ita ma ta gan ka. In mun iso ba kujera, na fahimta, kuma ba zan fasa gaishe ka ba. Ita dai za ta kwana a ɗakinta.

Ka gaida iyali da jikoki. Allah ya sada mu da alheri.

Ɗan ƙanwarka,
Yotamu Kachingwe