Jiƙon Mushe Moctar

Gidan Amumune, 6 ga Afrilu

Zuwa ga malamina, Mushe Moctar,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lahiya, kai da iyali da 'yan lakwal. Ka ce kada in kira ka ta waya, in rubuto, don ka ga ko hannun da ka koya ma rubutu ya bar rawa. To ga shi nan, bai bari ba.

Mushe, na gaji. Shekara huɗu ke nan da moto, babur ɗina, ya kada ni cikin yashin hanyar Mayahi, har yau bayana bai koma nawa ba. Ka san da ƙwayar tramol nake kabu-kabu. Ka kuma san ranar da jijjiga ta kama ni bisa moto, ɗiyata Ikram tana gabana, har surukina Maman Sani ya zo da amalanke ya kwashe ta da uwarta Basira zuwa garinsu, Sarkin Hausa. Maganarsa guda ce: in bar ƙwaya kafin ruwan shuka, ko in aika da takardar sakin Basira.

Ina bin tsarin da manjo, babban mai duba marasa lahiya a likitar garinmu, ya yi mani. Daga shida a rana na sauko uku, yana rage mani rabin ƙwaya duk sati biyu. Ya ce in na yanke lokaci guda jiki zai yi tawaye. Ai ko yanzu ya yi: hamma, majina, zufa, ƙafafu kamar tururuwa na yawo ciki. Wanzami ya yi mani ƙaho sau biyu, sauƙin yini guda ne. Inna tana gasa mani baya da yashi mai zafi cikin tsumma, ta shafa man kaɗe. Motsa jikin da manjo ya nuna mani kuwa, in durƙusa in gantsare, abokan tasha sun leƙo sun gani. Yanzu Kyanwa suke ce mani.

Da wannan tafiyar hawainiya, ruwa zai riga ni.

Ɗalibinka,
Danda

Tasawa, 13 ga Afrilu

Ɗana Danda,

Amincin Allah ya tabbata gare ka. Takardarka ta zo, na karanta sau uku. Hannun yana rawa, amma bai ɓata layi ba, kuma wannan ya ishe ni murna.

Daga shida zuwa uku kake kira tafiyar hawainiya? Kai da ka maimaita aji har sau biyu, ka zo ka ɗauke sartifika a gaban masu yi maka dariya! Bar 'yan tasha su yi ta kiran Kyanwa. Ka taɓa ganin kyanwa tana dafe da ƙugu?

Yanzu ga albishir. Akwai wani dattijo mai magani a kasuwarmu, farin gemu, tasbaha ba ta barin hannunsa. Yana haɗa jiƙo na saiwa da sassaƙe zalla, ya rantse mini a kan haka. Sati biyu ke nan ina sha saboda gwiwoyina, yau ga ni ina tsayuwa gaban allo har tashi ban nemi kujera ba. Na ba direban da ya kawo takardarka bido ɗaya, 'yar jarka cike, ya kai maka. Kofi guda safe, guda yamma. Kakanninmu da itace suka rayu kafin a san ƙwaya. Kada dai ka bar gashin da motsa jikin.

Ka gaishe da Inna. Allah ya ƙara sauƙi.

Malaminka,
Moctar

Gidan Amumune, 4 ga Mayu

Mushe,

Ina gaisuwa. Jiƙo ya zo, ɗacinsa bai ba ni wuya ba, bakina ya saba. Ciwon ya kwanta. Kwana goma sha biyar ban haɗiyi ƙwaya ba, kuma ba hamma ba majina. Ban koma wajen manjo ba, ban ga abin da zan ce mashi ba. Bido na biyu ya kusa ƙarewa, a ƙaro.

Na gode.
Danda

Tasawa, 12 ga Mayu

Ɗana Danda,

Sallama da murna! Ban iya zama ba. Jiya Lahadi na tafi Sarkin Hausa da kaina. Maman Sani ya ce, "Mushe, yaron nan ya sha yi mini rantsuwa." Na ce masa, "Wannan karon ba shi ya rantse ba, ni ne. Shekara talatin ina riƙe da alli, ban taɓa yi wa uban yaro ƙarya ba." Ya ce to, Juma'a talatin ga wata zai mayar da Basira da Ikram. Ikram ta ce in tambaye ka ko har yanzu motonka yana tari.

Ga bido na uku, shi ne nawa na ƙarshe. Mai maganin ya yi tafiya, zan jira.

Malaminka mai alfahari da kai,
Moctar

Tasawa, 24 ga Mayu

Danda,

Ina gaishe ka, amma ban san da wace fuska ba.

Kwana biyu da ƙarewar jiƙona, hamma ta kama ni a cikin aji, ɗaya bayan ɗaya, har yara suka fara ƙirgawa. Sai majina, sai zufa. Na ce mura ce. Da na zauna gyaran kaye, littattafan aikin yara, na ji ƙafafuna sun ƙi tsayawa wuri guda, kamar tururuwa na yawo ciki. A nan na tuna inda na taɓa karanta wannan magana. Na ɗauko takardarka ta farko, na ga ciwona a rubuce da hannunka.

Na kai tsohon bidona likita, da ɗan abin da ya rage a gindinsa. Lokotoro ya tace a farin ƙyalle, ya nuna mini garin da ya kwanta. Ya ce tramol ne aka daka, kuma ba ni ne na farko ba. Ni da ko taba ban taɓa sa wa a baki ba, yau ga ni da tawa takardar ragi! Dattijon kuwa, maƙwabtan rumfarsa sun ce ya nufi wajen Hawandawaki, ba wanda ya san ranar dawowarsa. Farin gemu na duba, ban duba gindin bido ba. Ni da nake hana yara yarda da amsar da ba su gwada ba.

Kada ka zubar ka yanke lokaci guda. Ɗauki bidon ka kai wa manjo yau, ka gaya masa kofi nawa kake sha.

Saura Maman Sani. Na ba shi bakina a kan abin da ba gaskiya ba, ga Juma'a saura kwana shida. In na yi shiru, iyalinka za su dawo, Ikram ta sake hawa gaban moto. In na yi magana, wataƙila na kashe maka aure bayan na mayar da kai ruwa. Gidanka ne, ba zan motsa ba sai na ji daga gare ka.

Abu guda nake son sani. Duk kwanakin nan, ba ka ji komai ba?

Ka yafe mini.
Moctar

Gidan Amumune, 27 ga Mayu

Mushe,

Ina gaisuwa. Tun kurɓar farko na sani. Shekara huɗu ina tauna abin nan, harshena ba zai ɓata shi ba. Na ce ma kaina, wa zai ce ma malaminsa maganinsa guba ne? Amma gaskiya daɗi na ji: ba ciwo, kuma ba laifina.

Manjo ya yi faɗa har ya gaji, ya mayar da ni huɗu. Inna ta sake ɗora yashi a wuta. Jiya hadari ya haɗu gabas.

Kada ka je Sarkin Hausa kai kaɗai. Mu haɗu tashar Mayahi Alhamis da safe, ni zan yi maganar. Ka zo da ƙyallen, Maman Sani ya gani da idonsa. Abin da ya yanke, ya yanke.

Hammar tana lafawa bayan kwana biyar. Ka gasa gwiwoyin da yashi, yana ɗan taimakawa.

Ɗalibinka,
Danda